Filin Kwamfuta: Bayanin da Basira Ke Karantawa

Manyan kamfanoni kan haɗa kwamfutoci masu yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, galibi da manhajar Kubernetes da Google ya fitar a 2014. Yanzu har ƙirƙirarriyar basira ake bari ta shiga wannan rukuni ta yi aiki da kanta, sau da yawa ta tsarin MCP na kamfanin Anthropic, wanda ya fito a Nuwamban 2024.

Matsalar ita ce, da ɗan bayanin da aka rubuta kan kowane kayan aiki take gane amfaninsa. Ku ɗauki umarnin "kubectl delete namespace". In marubucin ya taƙaita da cewa "yana goge sashe", ai ya ɓoye babban zance: duk abin da ke cikin sashen zai tafi tare da shi, kuma babu maɓallin dawo da shi.

Shi ya sa ni ba na duba tsawon bayani. Nakan fara neman inda ya faɗi ko kayan aikin dubawa kawai yake yi, ko yana iya gogewa, sannan wane izini yake buƙata. In ban gani ba, na ba shi sifili.