Irin da Ba Ya Tsira: Dogara ga Allah da Wa'azin "Shuka Kuɗi" a Ƙasar Kura

Babu wanda zai koya wa manomin Kura ma'anar iri. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai yana ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ana noman shinkafa da damina, ana noman tumatir da albasa da alkama da rani. Mutanen wannan yanki sun san irin da ke tsira da wanda ke ruɓewa a ƙasa. Saboda haka abin takaici ne a ce a cikin tsirarun Kiristocin da ke zaune a wurin, manoma da 'yan ƙwadago da ƙananan ma'aikata, wani wa'azi yana samun shiga, wanda ya ari kalmar "iri" ya ɗora ta a kan kuɗin da talaka zai miƙa wa mai wa'azi.

Koyarwar ba ta da wuyar fahimta. Ana ce wa mai bi idan yana cikin ƙunci, to ya "shuka iri", wato ya ba da kuɗi mai tsoka ga bawan Allah, Ubangiji kuma zai mayar masa ninki ba ninki. Idan arzikin bai zo ba, laifin nasa ne: bangaskiyarsa ta gaza, ko irin ya yi kaɗan. Wannan tunani ba a ƙasar Hausa aka haife shi ba. Mai wa'azin nan na Amurka, Oral Roberts, shi ya yi fice da shi, sannan ya yi ƙarfi a Nijeriya ta hannun irin su Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998. Yau ba ya bukatar babbar majami'a kafin ya isa ƙauye. Wayar hannu ta isa, da lambar asusun banki a ƙasan hoton bidiyo.

Dalilin karɓuwarsa a bayyane yake. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a jihar Kano cikin 'yan kwanaki. Kamfanin tumatirin Dangote da ke Kadawa, wanda aka sa wa rai zai riƙa sayen amfanin gona, ya sha tsayawa da tashi. A shekarar da tumatir ya yi albarka kuwa, kwanduna kan cika kasuwar Kwanar Gafan har farashi ya faɗi warwas. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sai cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun wannan shekara, wanda ya sa kuɗin man injin ban ruwa da na mota suka yi tashin gwauron zabi, taki ma ya gagari mutane da yawa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Amma wahalar mutum ba ta mayar da ƙarya gaskiya. Wannan wa'azi ciniki ne da aka yi wa ado da sunan bangaskiya. Wanda ya ba da dubu goma yana jiran dubu ɗari bai dogara ga Allah ba, ya dogara ne ga lissafinsa, kamar mai sa kuɗi a caca. Dogara na nufin miƙa al'amari ga wanda ya fi ka sani, ko ya ba ka abin da ka roƙa ko ya hana. Ciniki kuwa sharaɗi ne. Idan manomi ya ɗauki kuɗin buhun taki ya tura wa mai wa'azi, shinkafarsa za ta yi rawaya a gona, kuma idan kaka ta zo da rabin abin da ya saba samu, asara biyu ya yi: ta hatsi da ta zuciya, domin zai fara zargin ko dai Allah ya yaudare shi ko kuma shi ne bai cancanta ba.

Littafi Mai Tsarkin da ake fakewa da shi ma bai goyi bayan wannan hanya ba. Yusufu bai ce wa Fir'auna ya kawo dukiya domin a kore yunwa ba; ya ba shi shawarar tara hatsi a shekaru bakwai na ƙoshi saboda bakwai na fari. Manna da ta sauko wa Isra'ilawa a jeji abincin yini ce, wanda ya yi haɗama ya ɓoye sai ta yi masa tsutsa. Manzo Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti domin kada ya zama kaya ga masu bi, kuma gudummawar da ya tara daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya matalautan Urushalima ya kai wa. A duk waɗannan wurare dukiya tana gangarowa ne daga mai hali zuwa ga mabukaci, kamar yadda ruwan Tiga ke gangarowa zuwa gona. Wa'azin shuka kuɗi ya juya magudanar, ruwa yana hawa tudu.

Masu kare koyarwar sukan kawo misalin gwauruwar da Yesu ya yaba wa saboda 'yan aninai biyu da ta saka a baitulmalin Haikali. Gaskiya ne ya yaba mata, kuma bayarwa ibada ce da talauci ba ya hana ta. Sai dai labarin bai ce ta koma gida ta tarar da arziki ba, kuma gab da wannan labari Yesu ya la'anci malaman da ke cinye gidajen gwauraye da sunan doguwar addu'a. Mai karanta rabin shafi ya bar rabi, da niyya ya yi.

Akwai kuma masu cewa tunda haka ne, addu'a ba ta da amfani, aiki kawai. Su ma sun kauce. Manomin da ya yi kaftu, ya dasa, ya yi feshi, ya sani sarai cewa tsutsa da ƙanƙara da farashin kasuwa ba a hannunsa suke ba. Abin da dogara ke ba shi shi ne natsuwar da za ta hana shi sayar da gonar gado cikin firgici, ko cin bashin da ruwansa zai haɗiye girbin baɗi. Koyarwar Yesu game da tsuntsayen sama damuwa ta hana, ba aiki ba. Tsuntsun ma da asuba yake fita kiwo. Bahaushe ya taƙaita zancen tuni: Allah ya ce tashi in taimake ka.

Nauyin da ya rage yana wuyan shugabannin ikilisiya. Majami'un ECWA da takwarorinsu a karkarar Kano sun daɗe da sanin baikon kaka, inda ake kawo dawa da masara da shinkafa gaban bagadi. Wannan hatsi ya kamata ya zama rumbun gwauraye da marayu a watannin Yuli da Agusta, lokacin da tsohon abinci ya ƙare sabo bai nuna ba. Adashin da Zumuntar Mata ke yi zai iya zama asusun sayen taki a dunƙule tun kafin ya yi tsada. Faston da ya ga ɗan ikilisiyarsa zai tura kuɗin makarantar yara ga wani mai wa'azin waya, wajibinsa ne ya hana shi, ko da za a ce ya rasa bangaskiya.

A gonakin Kadawa, Kirista da Musulmi magudana ɗaya suke jira, kuma idan ciyawar kacala ta toshe ta, tare suke shiga su yashe. Wanda ya shiga laka da shebur yana ambaton sunan Allah ya fi fahimtar dogara fiye da wanda ke sayar da ita da lambar asusu.