YAMAI: Masu moto da kurɗawa tsakanin motoci

A birnin Yamai babu wata babbar hanya da ba a ganin wannan al'amari a kanta safe da yamma: motoci sun jeru suna jiran wutar ba da hannu, masu moto kuwa suna kurɗawa ta tsakaninsu, wani ta dama, wani ta hagu, har su taru a gaban layi. Haka abin yake a titin Mali Bero, haka yake a Wadata da Katako da kewayen Babbar Kasuwa, haka kuma a mashigin gadar Kennedy. Mai moto na ganin wannan kurɗawa haƙƙinsa ce, direban mota na ganinta rashin ladabi, ɗan sanda kuwa wani lokaci ya tsawata, wani lokaci ya kau da kai. Da yake maganar ta shafi rayukan jama'a, ya kamata a duba ta da idon basira.

Mafarin al'amarin

Yamai ta yau ba Yamai ta jiya ba ce. A ƙidayar jama'a ta 1988 mutanen birnin ba su cika 400.000 ba; a ƙidayar 2012 sun zarce miliyan ɗaya. Unguwanni sun miƙe nesa da tsakiyar gari, alhali kuwa ma'aikatu da manyan kasuwanni suna nan inda suke. Taksi da faba-faba ba su wadatar da jama'a ba. Da motoci masu ƙafa biyu ƙirar ƙasar Sin suka shigo da araha, sai ƙaramin ma'aikaci da malamin makaranta da ɗan kasuwa da ɗalibi kowa ya sami abin hawa daidai ƙarfinsa.

Hukuma ta yi ƙoƙari wajen buɗe hanyoyi. Shekara 40 gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita kaɗai ke haɗa Harobanda da sauran gari. An buɗe gada ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. An gina gadojin sama na Mali Bero da shataletalen Shahidai da Diori Hamani. Amma galibin hanyoyin an auna su ne da faɗin mota. Mai moto da ba a ware masa wuri ba, shi ke nema wa kansa wuri, kuma wurin da ya samu shi ne ɗan filin da ke tsakanin mota da mota.

Abin da masu moto ke cewa

Masu moto suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce lokaci: wanda ya sayi moto ya saye shi ne don ya tsere wa cunkoso, in kuwa zai bi layi kamar mai mota, to amfanin me ya yi masa? Ta biyu ita ce zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, tsayuwa a kan kwalta a bayan hayaƙin babbar mota azaba ce wadda mai zama cikin inuwar mota bai sani ba. Ta uku ita ce tsoron a buge su ta baya. Moto da ke tsaye a ƙarshen layi ba shi da garkuwa idan direban da ke tafe ya yi sakaci ko birkinsa ya ƙi kamawa. Ga ɗan kabu-kabu kuma da mai kai saƙo akwai ta huɗu: yawan zirga-zirgarsa shi ne yawan abin da zai kai gida.

Sai dai akwai wani hali da ba shi da hujja ko kaɗan. Wasu samari sun ɗauki kurɗawa da gudu a matsayin gwaninta, suna ganin mai haƙuri a layi bai iya tuƙi ba. Da yawa kuma sun koyi hawan moto ne a lungun unguwa a hannun aboki, ba su taɓa zama an karanta musu ƙa'idodin hanya ba. In an yi musu nasiha sai su ce kowa da ranarsa. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake, amma tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Inda haɗarin yake

Ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun tuƙi a fili take: ana tafiya a hannun dama, ana wuce abin hawa ta hagunsa, bayan an ba da alama an kuma bar tazara. Mai kurɗawa tsakanin layi biyu yana wuce mota ɗaya ta hagu, ɗayar kuma ta dama, a lokaci guda. Direban da aka wuce ta damansa ba ya tsammanin kowa a wurin.

Lissafin gudu ma yana da sauƙi. Moto mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, wato tsawon motoci uku. Daƙiƙa ɗayan nan kuwa ita ce kimanin abin da mutum ke buƙata kafin ya ga haɗari ya taka birki. Idan taksi ya karkata ba zato don ɗaukar fasinja, ko wani ya buɗe ƙofa, ko yaro ya fito daga tsakanin motocin da ke tsaye, mai moto ba shi da wurin kaucewa, don ƙarfe ne dama da hagu. Ga rairayin da iska da ruwan damina ke tarawa a bakin kwalta, wanda ke sa taya ta zame. Mafi muni shi ne raɓar kamyo ko tirela ta dama a kusa da kwana: akwai wuraren da madubin direba ba ya nunawa, kuma tayoyin baya suna yanke kwana fiye da na gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1,19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce hular kwano mai kyau, wadda aka fi sani da kaski, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. A titunan Yamai kuwa ba abin mamaki ba ne a ga magidanci da matarsa da goyo a kan moto guda, babu mai kaski ko ɗaya. Karayar ƙafa ɗaya kan tsai da abincin gida na watanni.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba ko'ina ne aka haramta kurɗawa ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wani bincike na jami'ar Berkeley a 2015 ya duba haɗurran moto kusan 6.000, ya gano cewa kurɗawa ba ta cika muni ba matuƙar motoci ba su wuce gudun kilomita 80 ba, kuma moton bai ɗara su da fiye da kilomita 24 ba. Jihar ta amince da ita a doka a 2016. Faransa ta soma gwaji a 2016, ta halatta ta a watan Janairu na 2025, amma da sharuɗɗa: sai a kan manyan hanyoyi masu shinge a tsakiya, sai lokacin cunkoso, tsakanin layuka biyu na can hagu kawai, gudun moto kada ya wuce kilomita 50, in kuma ɗaya daga cikin layukan ya tsaya cik kada ya wuce kilomita 30.

Darasin a nan shi ne, yawancin haɗarin yana cikin bambancin gudu. Amma kada a manta, a waɗannan ƙasashe layukan hanya a zane suke, mai moto yana da permi da kaski, kuma motoci masu ƙafa biyu kaɗan ne a cikin ababen hawa. Misalin da ya fi kusa da Yamai shi ne na Wagadugu, inda aka ware wa masu moto da keke hanyarsu a gefen manyan tituna. Wagadugun ce kuma ta nuna illar tilastawa ba tare da shiri ba: a 2006, da aka tashi tilasta sa kaski, tarzoma ta ɓarke har hukuma ta ja da baya. A Kano, a 2013, an hana ɗaukar fasinja a kan moto saboda tsaro, sai adaidaita sahu ta cika gari, cunkoson ya sake kama.

Aikin ƴan sanda

Nijar ta sabunta dokar hanya a 2014, kuma tana da hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa. Ɗan sanda ɗaya a mararraba ba zai iya ba da hannu ga motoci ɗaruruwa ya kuma kama kowane mai kurɗawa ba. Bin mai moto a guje cikin jama'a ya fi laifin da ya yi haɗari. Shi ya sa bincike ya fi karkata ga abin da ake iya dubawa a tsaye: takardun moto, asiransi, lamba da kaski. Mai moto sai ya fahimci cewa takarda ake tambaya, yadda yake tuƙi ba ruwan kowa.

Kamen da ake yi na ƴan kwanaki a daina shi ma yana koya wa jama'a jiran ƙura ta lafa. Haka nan duk tarar da aka karɓa ba tare da takardar shaidar biya ba tana zubar da mutuncin doka, tana mai da laifi abin ciniki. Tara ƙarama da kowa ya tabbata za a ci shi kullum ta fi babbar tara da ake ci jefi-jefi.

Abin da ya kamata

Wajibi ne hukuma ta faɗa wa jama'a a sarari abin da aka yarda da wanda aka hana, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a rediyo da azuzuwan yaƙi da jahilci da tashoshin ƴan kabu-kabu. Ana iya yin sassauci ga mai wucewa a hankali, da saurin mai tafiya a ƙasa, tsakanin motocin da ke tsaye cik. Amma kurɗawa da gudu, da raɓar babbar mota ta dama, da bin hannun da ba naka ba, da ƙetare jar wuta, waɗannan a hukunta su kowace rana, ko wane ne ya aikata.

Hukumar birni na iya zana wa masu moto wurin tsayawa a gaban motoci a manyan mararrabu, ta share rairayin bakin kwalta, ta kuma sa hanyar moto cikin tsarin duk sabon titin da za a gina. Fenti da tsintsiya ba su kai gadar sama tsada ba. Direbobin mota su ma da nasu: duba madubi, ba da alama kafin karkata, lura kafin buɗe ƙofa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030. A birnin da moto ya zama abin hawan talaka, cika wannan buri ya dogara ne ga abin da ke faruwa a ɗan filin nan na tsakanin mota da mota. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.