Zancen Malam: Mun Kai Yara Majalisar Dokoki ta Kano

A watan da ya wuce muka ɗauki 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu, muka haɗu da waɗansu daga Kabo, muka nufi birnin Kano don su ga inda ake yin dokokin jiharmu. Mun bi hanyar Gwarzo, muka wuce Rimin Gado da sabuwar Jami'ar Bayero, muka shiga ta Kabuga. Rabin yaran ba su taɓa ganin birni ba, sai leƙe ta taga.

Majalisar tana wajen Sakatariyar Audu Baƙo. Na gaya musu shi ne gwamnan farko da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ɗan sanda ne, ya yi mulki har 1975. A zamanin soja ba majalisa, doka daga bakin gwamna take fitowa. Sai a 1979, lokacin Abubakar Rimi, aka zaɓi wakilai.

Yanzu wakilai 40 ne, ƙananan hukumomi kuwa 44. Wani yaro mai kai ga lissafi ya ce to ina sauran huɗu? Amsa ita ce an haɗa waɗansu biyu-biyu, kamar Rimin Gado da Tofa. Amma Gwarzo tana da wakilinta, Kabo ma haka. Abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne zancen sandar majalisa, wadda in ba ta a kan tebur gaban kakaki, zama bai zaunu ba. Sun yi dariya, wai sanda ta fi mutum. Na ce ba ƙarfen ake girmamawa ba, ikon jama'a ne da take wakilta.

Kada wani ya ce abin da ake yi can bai shafe mu ba. A 2019 majalisar nan ta yi dokar da ta kafa sababbin masarautu huɗu, aka sa Gwarzo da Kabo ƙarƙashin Ƙaraye. A watan Mayu 2024 ita ce kuma ta soke dokar. Kuɗin gyaran hanya da asibiti ma sai ta amince gwamna ya kashe.

Muna cikin haka, wata yarinya ta matso, ta tambaye ni a hankali, "Malam, Kirista zai iya zama a kujerun nan?" Tambayar ta taɓa ni ƙwarai, gama na san a gida ta ji akasin haka. Mu manya mun saba cewa gwamnati ba tamu ba ce, yara kuwa suna ji. Na ce mata tsarin mulki bai tambayi addini ba. Abin da yake nema shi ne ɗan ƙasa, mai ilimin sakandare, wanda jam'iyya ta tsayar, shekara 25 kuma ta isa tun gyaran 2018. Ban ɓoye mata cewa cin zaɓe da wuya ba. Ta ƙirga da yatsu, ta ce saura shekara 12.

Malaman da ke son kai nasu yara, ku rubuta wa akawun majalisa takarda tun da wuri, ku tambayi ranar zama. Ku ɗauki ruwa da abinci kuma. Ni na manta da ruwan, sai da kuɗin aljihuna ya yi kuka.