Ba Linux ne ya hana ka WiFi ba

1/ Duk wanda ya sake cewa "Linux ba ya kama WiFi", ku tambaye shi sunan katin da ke cikin laftof ɗinsa. Shiru za ku ji.

2/ Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10. Windows 11 kuma sai da TPM 2.0 da sabon firosesa. Ku duba 'yan gwanjon HP da Dell da ke hannun ɗaliban Poli da Jami'ar Sufuri a nan Daura, nawa ne za su tsallake?

3/ Sai yaro ya sa Ubuntu ko Mint, WiFi ya ƙi, mai gyara ya ce "ai Linux matsala ne", ya loda masa Windows na sata, ya karɓi kuɗi. Haba oga!

4/ WiFi ɗan kati ne ƙarami, noti ɗaya ke riƙe shi. Buɗe terminal ka rubuta lspci, sunansa zai fito. In Intel ne, direbansa iwlwifi yana cikin Linux tuntuni. Atheros mai ath9k ma haka. Wasu na Broadcom, irin BCM43142, su ne 'yan rigima, don kamfanin ya ɓoye lambar direban. Laifin wa ke nan?

5/ Shi ma yana da magani: haɗa wayarka da kebul, ka ba laftof intanet, ka sauke direban. Ko ka canza katin kawai.

6/ In za ka Farm Centre a Kano ko za ka aika, duba raminka tukuna. Tsoho mini PCIe ne, nemi Intel 7260 mai irin wannan bakin. Sabo M.2 ne, nemi AX200. Kada a lallaɓa maka AX201 wai duk ɗaya ne, shi sai da wasu firosesan Intel yake aiki. Bakin wayar eriya ma ya bambanta tsakanin ramukan biyu.

7/ Masu tsohuwar ThinkPad da wasu HP, ku yi hattara: BIOS ɗinsu yana ƙin baƙon kati. Lenovo har kuskure mai lamba 1802 take nunawa, ta ƙi tashi. Ka saye ta da kuɗinka, kamfani ya zaɓa maka abin da za ka sa ciki. Wannan fa?

8/ Kafin ka biya kuɗin laftof, je da Mint a filas, ka tayar da ita a gaban mai shago. In ya hana, shagon gaba.