Hoton mai mulki kirari ne, a karanta shi yadda ake sauraron kirari

Akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta a ajin tarihi: a buɗe littafi, a nuna wa ɗalibai fuskar wani babban mutum na Turai, a ce ga kamanninsa nan, sannan a juya shafi. Wannan sakaci ne, kuma hotunan manyan ƙasar Holand na ƙarni na 17 sun isa hujja.

A 1581 lardunan arewacin ƙasar suka janye mubaya'arsu daga sarkin Sifaniya, Filib na biyu. Jamhuriyar da ta biyo baya ba ta da sarki, sai attajirai, magadan gari, malaman coci da shugabannin yaƙi. Wanda bai gaji rawani ba kuwa, tilas ya nuna wa jama'a dalilin da za a rusuna masa. Zanen fenti guda ne, a bangon gida guda yake rataye. Wanda aka sassaƙa a kan faifan jan ƙarfe, aka shafa masa tawada aka danna a takarda, ɗaruruwa yake fitowa ya shiga kasuwa. A birnin Delft, Michiel van Mierevelt ke zanawa, surukinsa Willem Delff na sassaƙawa. Tun a 1607 majalisar ƙasa ta ba Mierevelt izini na musamman a kan hoton yarima Maurits, don kada wani ya kwafa.

Babu abin da ya shiga waɗannan hotuna bisa kuskure. Sulke da sanda a hannu na nufin ikon yaƙi. Littafi na nufin ilimi. Baƙar riga mai farin wuya tana kama da tawali'u, alhali baƙin rini mai kyau sai mai hali. A kewayen fuskar akan jera muƙamai da harshen Latin, a ƙasa kuma baitocin yabo. Wane Bahaushe ne bai san wannan sana'a ba? Maroƙi ba ya kirga bashin ubangidansa a gaban taro.

Dubi hoton da Rembrandt ya yi wa Jan Uytenbogaert, mai karɓar haraji a Amstadam, a 1639: riga mai gashin dabba, ma'auni, babban kundin lissafi, ga yaro durƙushe da jakar kuɗi. A shekarar nan Rembrandt na bibiyar ladan aikin da ya yi wa yarima Frederik Hendrik, Uytenbogaert kuma na cikin waɗanda suka sa baki don a biya shi. Wanda bai san haka ba rabin hoton ya gani.

Mafi nauyi shi ne na Johan Maurits, gwamnan yankin Burazil da Holand ta riƙe daga 1637 zuwa 1644. Hotonsa cikin sulke na cikin littafin da Caspar Barlaeus ya wallafa a 1647 don ɗaukaka mulkinsa. Shi ne ya aika jiragen da suka ƙwace ganuwar Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637, kuma ƙarƙashinsa aka yi ta kwasar bayi daga Afirka zuwa gonakin rake. Hoton bai faɗi wannan ba. Sai a 2022 firaministan Holand, Mark Rutte, ya nemi gafara da sunan ƙasarsa a kan bauta.

Wasu za su ce to a fid da hotunan daga littattafai gaba ɗaya. Wannan ma gudun aiki ne. Kirari shaida ce ga wanda ya san yadda ake sauraronsa, domin yana nuna abin da mai iko ke son a ɗauke shi, da abin da yake gudun a ambata. Malamai ƴan uwa, kafin a juya shafi a tambayi aji wa ya biya kuɗin wannan fuska, kuma me aka bari a waje. Ɗalibin da ya saba da wannan tambaya ba zai ruɗu da hoton ɗan takara a bangon kasuwa ba.