Muna Yabon Malaman, Ba Ma Buɗe Littattafansu

Duk ɗan Lajawa ya san Utai. Ƙaramar hukumarmu ɗaya, kuma kasuwar Juma'a ta Wudil ita ke haɗa mu cin kasuwa. Amma ka tare yaron da ya gama sakandare ka tambaye shi wane ne Malam Bakatsine, da wuya ka samu amsa. Alhali daga Utai ɗin nan ya fito, shi ne jagoran Jobawa, kuma yana cikin malaman da suka ɗauki nauyin jihadi a ƙasar Kano tare da su Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa da Malam Dabon Dambazau. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Makaman Kano, kuma da daɗewa aka san ƙasar Wudil da hakimcin Makama. Wato tarihin da ya juya ƙasar Hausa bai tsallake mu ba, a ƙofar gidanmu aka yi wani ɓangarensa.

Ba mantuwar sunaye ce ta fi damuna ba. Sunayen manya ai muna riƙe da su. Babu majalisin wa'azin da za a tashi ba a ambaci Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, makarantun Islamiyya masu sunan Nana Asma'u kuwa ba sa ƙirguwa. Abin da ya ɓace shi ne abin da mutanen nan suka rubuta, da kuma waɗanda suka rubuta shi a kansu. Ka tambayi mai sauraron wa'azi me Shehu ya yaƙa, zai ce maka bori da tsafi da haɗa Musulunci da al'adun maguzanci. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne wanda ya shafi masu iko.

Akwai wani labari a cikin Tarihin Kano, wannan kundi na sarakuna da aka rubuta da Larabci, wanda Baturen nan Palmer ya fassara ya buga a 1908. Labarin Dirki ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, aka ɗauki wani abu aka naɗe shi da fata. Shekara na bin shekara ana ƙara fata a kan fata, ana yanka shanu dominsa, har ya zama abin tsoro da ake ganin zaman lafiyar gari ya rataya a kansa. Da aka zo zamanin Muhammadu Alwali, sai manyan fada suka nemi shanu arba'in na Dirki. Sarki ya ce ba zai bayar ba. Suka tsoratar da shi da abin da zai biyo baya, shi kuwa ya fusata ya sa samari suka sassare fatun da gatura. Da aka kai ga abin da ke ciki, sai ga Alƙur'ani.

Na daɗe ina juya wannan labari. Mutanen nan ba su jefar da Littafin Allah ba, ba su kuma wulaƙanta shi a nasu ganin ba. Girmama shi suka yi, girmamawar da ta kai ga ba mai iya buɗe shi. Da ana buɗewa ana karantawa, da an ga cewa babu inda ya ce a yanka masa sa. Kuma ka lura da su wa ke cin moriyar rufewar: waɗanda shanun ke bi ta hannunsu. Wani abin mamakin shi ne, sarkin da ya fasa Dirki shi ne dai sarkin da masu jihadi suka kora daga Kano, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Tarihi ba ya rarraba mutane gida biyu yadda muke so, waɗannan farare tas, waɗancan baƙaƙe ƙirin.

To me ke cikin littattafan da mu muka naɗe? Ɗauki Kitabul Farƙi na Shehu, inda ya bambance mulkin Musulunci da mulkin da ya tarar. Ya lissafa abubuwan da sunayensu na Hausa, don kada wani ya ce bai gane ba. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Ya ambaci gaisuwa, wato abin da talaka ke miƙawa kafin a saurari kukansa. Ya ambaci tawasa, naman da ake karɓa daga mahauta ranar kasuwa, da kamuwa, wato a kama dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki ba da yardarsa ba. Ya yi magana a kan cinye dukiyar mamaci da sayen shari'a a gaban alƙali. Karanta wannan jeri ka tsaya a bakin karar shanu ta Wudil ranar Juma'a, ka ƙirga hannayen da ke miƙowa tsakanin mai saniya da mai saye, sa'annan ka bi motar da ta ɗauko shanun zuwa kudu ka ga sau nawa za ta tsaya a hanya. Sunayen ne suka sauya.

Jangalin da Shehu ya soka kuwa bai mutu da jihadi ba. Ya rayu a ƙarƙashin sarakunan da suka gaji masu tuta, Turawa suka zo a 1903 suka same shi suka ƙara masa ƙarfi da rasit, aka samu 'yancin kai yana nan. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Sama da shekara 170 ke nan tsakanin fara jihadi da sauke wannan kaya daga kan talaka, kuma duk tsawon lokacin ana ta yi wa Shehu addu'a a fadoji.

Wanda ya fara ganin wannan ɓaraka ba maƙiyin jihadi ba ne. Ƙanen Shehu ne, Malam Abdullahi na Gwandu. Tun ana tsakiyar yaƙi ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da tara ƙwaraƙwarai da manyan riguna da dawakan ƙawa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano ya yada zango, tsakanin 1806 da 1807. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya nuna musu yadda ake mulki da shari'a, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma gida. Ya kuma ajiye wannan koke nasa a rubuce a cikin Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye don kare sunan tafiyar ba. Yau in malami ya faɗi laifin 'yan ƙungiyarsa a bainar jama'a, kafin la'asar an ce an saye shi. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani: ɗan ɗariƙa na hango na ɗan Izala, ɗan Izala na hango na ɗan ɗariƙa, mai algus a mudu kuwa yana sahun gaba a masallatan duka biyun.

Kada a ce na manta alherin da addini ke yi a cikinmu. A ƙauye kamar namu shi ne ke riƙe da rayuwa. Zakkar da ake fitarwa da kaka, damin gero ko na dawa, ita ke kai wasu gidaje ga damina. Liman da mai unguwa kan kashe rigimar iyakar gona kafin ta kai kotu. In aka yi rasuwa ba a tambayar me mamacin ya bari kafin a haƙa masa kabari. Karatu ma ta nan ya shigo mana. Tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, ƙasar nan take da alƙalami da tawada. Lokacin da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, Turawa da kansu sun ƙiyasta makarantun allo a Arewa sun haura 20,000. Saboda na san wannan nauyi ne nake jin zafin yadda muka rage wa addinin aiki.

Dubi batun mata. A cikin Nurul Albabi, Shehu ya caccaki malaman da ke zaune da almajirai safe da yamma suna karantarwa, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da wannan magana aiki. Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ɗora mata malfa, jajin ta koma ƙauyensu ta koyar da mata ta hanyar waƙa, suna daka suna haddacewa. Ita ce kuma ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin shugaba azzalumi da alƙali mai cin hanci da mai ha'inci a kasuwa. To a garuruwanmu gona nawa ce ke hannun 'yan'uwa maza shekara da shekaru, an ce wa mace ta yi haƙuri, rabonta na nan, ana ba ta kwano biyu da kaka kamar sadaka? Ayar gado ba ɓoyayya ba ce, tana cikin Suratun Nisa'i, kuma yaran da ke rera ta da daddare a gaban wutar tsangaya sun fi mu sanin inda take a allo.

Adabinmu ya daɗe yana ɗauke da wannan aiki na faɗa wa mutane gaskiya da harshen da suke ji. Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya, ta shiga gidajen da littafin Larabci bai taɓa shiga ba, a bakin makafi masu bara. Sa'adu Zungur malami ne masanin Alƙur'ani, kuma da wannan ilimin ya gargaɗi sarakuna a waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, wadda aka kafa a 1950, da rubuce-rubucen masu jihadi suka riƙa kafa wa 'yan En'e hujja, shi ya sa maganarsu ta yi ciwo. Ba daga Ingila suka aro ta ba, daga cikin gafakar malamai suka zaro ta.

Sai ga mu a 2007, a Kano, an tara littattafan Hausa na zamani an cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba na musun cewa a cikin adabin kasuwar Kano akwai tarkace. Akwai, da yawa. Amma a cikin wannan adabin ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin magidancin da ya kori uwargida da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya. Wane wa'azi ne ya fi wannan kusa da abin da kotunanmu ke gani kullum? Hukuma ta ga ya fi sauƙi ta binciki jakar 'yar makaranta a kan ta binciki ma'ajiyar mai ɓoye hatsi, don yarinya ba ta da wanda zai buga waya a kanta.

Rashin buɗe littafi yana da wani farashin da ya fi wannan muni, kuma Kano ta biya. A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rayuka sama da 4,000. A Yulin 2009, lokacin da fitinar Boko Haram ta tashi a Bauchi da Maiduguri, har ofishin 'yan sanda na Wudil ta taɓa. Matasan da ake ja zuwa irin wannan hanya suna da kishi, suna kuma ganin zalunci da idonsu. Abin da ba su da shi shi ne zurfin karatun da zai nuna musu yadda Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka tsaurara sharuɗɗa a kan jini da dukiya, da yadda Shehu da kansa ya yi ta raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya ilimin tauhidi daki-daki ba. In malamin gari ya yi shiru a kan zalunci, wani ne zai zo daga waje ya yi magana a kai, kuma ba lallai ya zo da ilimi ba.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. Da yawa daga cikin littattafan nan an buga su, wasu an fassara su da Hausa, ana samunsu a Kurmi da bakin manyan masallatai da kuɗin da bai kai na katin waya na wata ba. Malamin zaure da ke biya wa ɗalibai Ahalari da Ishmawi da Iziyya zai iya ƙara Nurul Albabi a jerin. Makarantar Islamiyya mai sunan Nana Asma'u ya kamata a ce ɗalibanta sun haddace ko da waƙarta ɗaya. Limamanmu kuwa, tunda kaka na zuwa kowace shekara, huɗuba a kan mudu da awo da bashin da ake ba manomi da damina a karɓi ninki da kaka ta fi dacewa da masu sauraronsu a kan rigimar malaman birni da suka ji a Facebook.

Akwai kuma takardun da ke gidajen malamai a Lajawa da Utai da Darki da Indabo, na Larabci da na ajami, waɗanda magada ba sa iya karantawa amma ba sa yarda kowa ya taɓa, gara da ɗigar damina na cinsu a hankali. Yaran da ke iya karanta ajami sai raguwa suke, musamman tunda aka cire shi daga ƙananan takardun naira a 2007. Ga jami'a a Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Gidan Arewa a Kaduna da ya daɗe yana adana irin waɗannan takardu. Ɗaukar hotonsu shafi-shafi aikin wayar hannu ne, a zauren mai su, a gabansa, ba tare da takarda ɗaya ta bar gidan ba. Dagatai da limamai su ya kamata su fara yi wa magada wannan magana, don su ake jin kunya.