Gonar Wace Ƙasa Ce Ta Fi Ɗumama Duniya?

Daga Wakilinmu

Duk sa'ad da ƙasashe suka zauna taro kan ɗumamar yanayi, masana'antu da motoci ne ke shan zargi. Amma gonar hatsi ma tana da nata kason, kuma wurin raba wannan kaso tsakanin ƙasashe ne ake ta da jijiyar wuya.

Iska iri biyu ne suka fi damun masana. Ta farko ita ce metan, wadda ke tashi daga gonar shinkafa idan ruwa ya kwanta a kanta, ciyayi suka ruɓe a ƙarƙashi. Ta biyu, naitiros, tana fitowa ne daga takin zamanin da shuka ba ta sha ba. Bisa ga lissafin kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, a cikin shekara 100 tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 28 na iskar kabon, na naitiros kuwa kamar tan 265.

In jimla za a duba, Sin da Indiya ne kan gaba, domin su biyun ke noma kusan rabin shinkafar duniya, kuma babu ƙasar da ta kai Sin zuba taki. Dukansu ba su sa hannu a alkawarin Gilasgo na 2021 ba, na rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. Indiya ta ce hayaƙin manomanta na neman abin kai wa baka ne, kuma ba ta yi ƙarya ba.

To, amma jimla ba ta nuna wanda ya iya noma. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne yawan hayaƙi a kan kowane tan da aka girbe, kuma a nan ne lissafi ke rikiɗa. Manomin Amurka yakan sami kusan tan 11 na masara a hekta guda, namu kuwa da ƙyar yake kai tan 2. Takin da muke zubawa kaɗan ne. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ƙudurta ɗaga shi daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, wa'adin ya wuce ba a kai ba. Saboda haka gonakinmu kan fito da tsabta a jadawali. Sai dai fa wanda gonarsa ba ta ba shi isasshe daji yake sarewa ya ƙara faɗi, kuma hayaƙin saran daji a wani shafi dabam ake rubuta shi. Duk ma'aikacin da aka miƙa wa irin wannan jadawali, ya fara tambaya ko an haɗa da wancan shafin.

Sin kanta ta nuna ana iya gyara. Daga 2005 zuwa 2015 masananta sun yi aiki da manoma fiye da miliyan 20, aka rage taki da kimanin kashi 15 cikin 100, amfani kuma ya ƙaru da kimanin kashi 11. Ita kuwa cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ta daɗe tana koyar da janye ruwa daga gona lokaci-lokaci, abin da ke rage metan ba tare da amfani ya ragu ba. A 2023 Biyetnam ta amince da shirin noman shinkafa mai ƙarancin hayaƙi a hekta miliyan ɗaya a yankin kogin Mekong.

Nijeriya tana cikin masu alkawarin Gilasgo. Gero da dawa ba sa kwana a ruwa, ba su da wannan matsala, amma tun shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a 2015, shinkafa ce ke ƙara cin fili. Dabarar janye ruwa kuwa sai inda manomi ya tabbata in ya busar da gona yau, zai sami ruwa ranar da ya nema. A Kadawa da Bakolori, wanda gonarsa ke can ƙarshen magudana ba zai yarda ya saki ruwan da ya samu ba, komai jawabin malamin gona.